Wa Ke Da Magana Ta Ƙarshe, Mai Mulki Ko Sarkin Yaƙi?

A wannan wata muna so mu tauna wata magana tare da ku, wadda ba ta da sauƙi kamar yadda a kan zata. Idan ƙasa tana cikin yaƙi, shugaban da jama'a suka zaɓa ya ce a bi nan, babban hafsan soja kuwa, wanda ya yi furfura a bakin daga, ya ce a'a, sai dai a bi can, maganar wa za a ɗauka? Da yawa za su yi farat su ce ta mai mulki. To, in mai mulkin bai san yaƙi kamar hafsan ba fa? In kuma hafsan ya tabbata a ransa umurnin da aka ba shi zai sa samarin da ke hannunsa su mutu a banza? Wannan abu ya faru a ƙasar Amurka cikin shekara ta 1951, tsakanin Shugaba Harry Truman da Janar Douglas MacArthur, ana tsakiyar yaƙin Koriya.

Bari mu fara duban mutanen biyu, gama rabin wuyar maganar a nan ta ke. MacArthur ɗan janar ne, an haife shi a 1880, a barikin soja ya tashi. Ya yi Yaƙin Duniya na Fari, ya shugabanci rundunar ƙasa ta Amurka duka, shi ne kuma ya karɓi mubaya'ar Japan ran 2 ga Satumba 1945. Daga nan ya zauna a Tokiyo yana riƙe da ƙasar Japan fiye da shekara biyar, har Sarkin Japan da kansa ya taka ya zo gaishe shi. Sa'anda wannan rigima ta tashi, shekara 14 rabonsa da gida. Truman kuwa manomi ne daga jihar Missouri, ba shi da digirin jami'a. Ya taɓa buɗe kantin tufafi a Kansas City, kantin ya karye a 1922. Rasuwar Shugaba Roosevelt ce ta kai shi kan kujera a watan Afrilu 1945, kana ya ci zaɓe don kansa a 1948. Shi ma ya yi soja a Faransa a 1918, amma kyaftin ne na masu harba igwa. Da a wannan shekara suka gamu a filin fareti, Truman ne zai ƙame ya sara wa MacArthur. Duk da haka Tsarin Mulkin Amurka, wanda aka rubuta a 1787, ya ce Shugaban Ƙasa shi ne babban kwamandan mayaƙan ƙasar. Watau kyaftin ya zama ubangidan janar.

Ran 25 ga Yuni 1950 sojojin Koriya ta Arewa suka ƙetare layin nan da a ke kira layi na 38, wanda ya raba ƙasar biyu tun 1945, suka faɗa wa Koriya ta Kudu. Kwana uku suka ci birnin Seoul. Truman ya aika da mayaƙa ƙarƙashin tutar Majalisar Ɗinkin Duniya, aka naɗa MacArthur shugabansu. Ƙasashe 16 suka ba da soja, har da Habasha. Da fari an sha kashi ƙwarai, aka matse su a wani ɗan lungu kewaye da tashar jirgin ruwa ta Pusan. Sai MacArthur ya kawo wata dabara wadda manyan hafsoshi da yawa suka yi shakkarta: a sauke soja daga teku a Inchon, can bayan abokan gaba, wurin da ruwa ya kan hau ya sauka wajen ƙafa 30, sauran lokaci kuwa sai taɓo. Ran 15 ga Satumba aka yi haka, dabarar ta ci, cikin mako biyu aka ƙwato Seoul. Mu riƙe wannan, don kada wani ya ɗauka muna maganar wawa ne. Mutumin gwani ne, kuma nasarar nan ta sa bakin kowa ya mutu a gabansa.

Aka shawarta a bi abokan gaba har cikin ƙasarsu. Gwamnatin Sin ta aiko da kashedi ta bakin jakadan Indiya, cewa in sojan Amurka ya ƙetare layin ba za ta zuba ido ba. Ran 15 ga Oktoba Truman ya yi tafiya mai nisa zuwa tsibirin Wake don ya gana da MacArthur, ya tambaye shi ko Sinawa za su shiga. MacArthur ya ce da wuya ƙwarai. An umurce shi kada ya kai sojan da ba Bakoriye ba lardunan da ke bakin iyakar Sin da Rasha, amma ran 24 ga Oktoba ya ɗage wannan ƙa'ida da kansa, a Washinton kuwa ba wanda ya tsawata masa. A ƙarshen Nuwamba, ana cikin maganar samari za su yi Kirsimati a gida, Sinawa wajen 300,000 suka fito daga duwatsu cikin tsananin sanyi suka auka musu. Aka yi ta ja da baya, har Seoul ta sake faɗuwa ran 4 ga Janairu 1951.

A nan hanya ta rabu. MacArthur ya nemi a tsare gaɓar tekun Sin, a jefa bom kan masana'antunta, a kuma yi aiki da sojojin Chiang Kai-shek da ke tsibirin Famosa, wanda a ke kira Taiwan yau. A ganinsa, wanda ya sa ka yaƙi kuma ya hana ka taɓa inda abokin gaba ke samun ƙarfi ya ɗaure maka hannu ɗaya ne ya tura ka dambe. Truman kuwa yana duban wani abu dabam. Rasha ta gwada nata bom ɗin atom a 1949, ta kuma ƙulla alkawarin taimakon juna da Sin a Fabrairu 1950. Turai ba ta gama tashi daga kangon yaƙi ba, Ingila da sauran abokan tafiya sun ƙi a faɗaɗa wutar. Tsalle ɗaya ke jefa mutum rijiya, ya yi dubu bai fita ba. Saboda haka ya ce a tsare yaƙin cikin Koriya, a nemi sulhu.

Har zuwa nan ba mu ga laifi wurin kowa ba. Hafsa ya ba da shawara, shugaba ya ƙi. Abin da ya biyo baya shi ne matsalar. Tun ran 6 ga Disamba 1950 Truman ya ba da umurni kada babban ma'aikaci ko hafsa ya yi wa duniya magana kan manufar gwamnati sai an duba an yarda. Ran 20 ga Maris 1951, bayan Janar Ridgway ya farfaɗo da rundunar ya sake ƙwato Seoul, aka sanar da MacArthur a asirce Shugaba yana shirin yi wa Sin tayin zaman sulhu. Kwana huɗu bayan haka MacArthur ya riga shi, ya fitar da tasa sanarwa, inda ya ƙasƙantar da Sin, ya yi mata barazanar kai yaƙi cikin ƙasarta, ya ce kwamandansu ya zo ya gana da shi. Tayin Shugaba ya mutu tun bai fito ba. Ran 5 ga Afrilu kuma, Joseph Martin, jagoran 'yan hamayya a Majalisar Wakilai, ya tashi ya karanta wasiƙar da MacArthur ya rubuto masa, wadda ke sukar tafarkin gwamnati, tana cewa babu abin da zai maye gurbin nasara.

Truman ya yi kwanaki yana shawara da Janar Marshall, da Acheson, da Harriman, da Janar Bradley. Manyan hafsoshin ƙasa, da na ruwa, da na sama suka zauna suka yarda a sauke shi. Ran 11 ga Afrilu, da ƙarfe ɗaya na dare, aka kira 'yan jarida aka faɗa musu, don an ji wata jarida na shirin riga gwamnati. Ta haka labarin ya iske MacArthur ta bakin wani mataimakinsa da ya ji a rediyo, tun takarda ba ta zo hannunsa ba. Wannan kam rashin kyautawa ne ga dattijo mai shekara 71 wanda ya ba ƙasarsa ransa duka, ba kuwa za mu shafa wa abin mai ba.

Ƙasa ta ɗauki zafi. Aka ƙona mutum-mutumin Truman a garuruwa, waɗansu 'yan majalisa suka yi maganar tsige shi, masu ƙidayar ra'ayi suka tarar wajen kashi biyu cikin uku na jama'a ba su yarda da abin da ya yi ba. MacArthur ya yi jawabi gaban majalisun biyu ran 19 ga Afrilu, waɗansu har da hawaye, washegari miliyoyi suka fito tarbarsa a Niyok.

Yanzu sai mu auna. Hujja mafi ƙarfi a gefen hafsa ita ce ta sani. Ba a koya wa maƙeri riƙon masaba. Amma mu duba, wane irin sani ne a ke bukata a nan? Magini ya fi mai gida sanin yadda za a ɗora azara, mai gida da ya yi masa gardama a kan wannan ya ɓata gininsa. Amma ko za a yi ɗaki biyu ne ko biyar, ko za a sayar da gona don a ƙare ginin, ko za a ci iyakar maƙwabci a jawo shari'a, wannan ba ya cikin sana'ar magini, ko da shekararsa hamsin yana gini. Haka yaƙi ya ke. Yadda za a ci Inchon aikin soja ne. Ko haɗa Koriya wuri ɗaya ya cancanci a jefa duniya cikin yaƙi na uku, wannan tambaya ce ta abin da al'umma ke so, da abin da za ta iya ɗauka, da jinin 'ya'yan wa za a zubar. Makarantar soja ba ta ba mutum fifiko a kan sauran mutane wajen amsa ta.

MacArthur ma da bakinsa ya nuna haka. Sa'anda Majalisar Dattawa ta zauna bincike a watan Mayu da Yuni 1951, aka tambaye shi yadda za a tsare Turai da Amurka kanta in Rasha ta shigo. Ya amsa shi kwamandan yanki ɗaya ne, wannan ba nauyinsa ba ne. Gaskiya ya faɗa, amma gaskiyar ta kā da shi, gama yana neman a bi shawarar da za ta shafi duniya duka alhali yanki ɗaya ya ke kallo. Bradley kuwa ya gaya wa majalisar shirin nan zai sa su cikin yaƙin da bai kamata ba, a wurin da bai kamata ba, a lokacin da bai kamata ba, da abokin gaban da bai kamata ba. Daga nan zafin jama'a ya fara hucewa.

Akwai dalili na biyu, wanda a ganinmu ya fi na fari nauyi. Shugaban farar hula ba lalle ya fi janar hikima ba, sau da yawa ma bai kai shi ba. Amma akwai hanyar raba shi da kujera ba tare da an zubar da jini ba. Truman ya ga farin jininsa ya faɗi ƙasa warwas, a watan Maris 1952 ya ce ba zai sake tsayawa ba, jam'iyyarsa kuma ta faɗi zaɓen wannan shekara. Wanda ke riƙe da bindiga fa, in ya zama shi ne kuma mai yanke shawara, wa zai ce masa ya isa? Mai takobi yana bukatar wani a bisansa, saboda shi kaɗai ne ba wanda zai iya tilasta masa in ya ƙi. Wannan ya sa Amurkawa ke girmama George Washington, wanda bayan ya ci yaƙin 'yanci ya je gaban majalisa a watan Disamba 1783 ya mayar da ikon da aka ba shi, ya koma gonarsa.

Amma MacArthur bai bar maganar a nan ba. A watan Yuli 1951 ya yi jawabi gaban majalisar jihar Massachusetts, ya ce akwai wata sabuwar koyarwa mai haɗari, wai soja ya ba da amanarsa ga waɗanda ke riƙe da mulki na ɗan lokaci, maimakon ƙasa da Tsarin Mulkinta da ya rantse zai tsare. Maganar tana da daɗin ji, tana kuwa da ƙwayar gaskiya a ciki. Alƙalan Nuremberg, a shari'ar manyan Jamus ta 1945 da 1946, sun ƙi karɓar uzurin cewa umurni aka ba ni. Lamirin mutum ba ya mutuwa ran da ya sa kaki.

A nan labarin Yowab, sarkin yaƙin Dawuda, cikin littafin Sama'ila na Biyu, yana da abin koya mana, gama mutumin nan ya yi kuskuren ta fuska biyu. Abner ya zo Hebron ya shirya da Dawuda, sarki ya sallame shi lafiya, Yowab ya sa aka komo da shi ya kashe shi. Dawuda ya umurta a yi wa Absalom sauƙi, Yowab ya ga ba haka ya kamata ba, ya soke shi. Har sarki ya yi kukan 'ya'yan Zeruya sun fi ƙarfinsa. Amma ran da wasiƙa ta zo a sa Uriya inda yaƙi ya fi zafi a janye a bar shi, Yowab bai ce uffan ba, ya aikata. Umurnin jinƙai ya ƙi, umurnin kisan marar laifi ya bi. Ba muna kwatanta MacArthur da mai kisan gilla ba ne, Allah ya sawwaƙe. Abin da muke so a gani shi ne, akwai bambanci tsakanin hafsan da aka ce ya aikata mugunta ya ƙi, da hafsan da aka ce ya dakata ya ƙi. Ba wanda ya umurci MacArthur ya kashe fursuna ko ya ƙone marasa laifi. An ce masa ne kada ya faɗaɗa yaƙi, kada kuma ya yi gardama da gwamnatinsa a bainar jama'a. In lamirinsa bai ɗauki wannan ba, ƙofa a buɗe ta ke: ya faɗi ra'ayinsa a ɗaka iyakar ƙarfinsa, in an ƙi ya ajiye aiki, ya tuɓe kaki, ya fito ya nemi jama'a su bi shi kamar kowane ɗan ƙasa. Abin da bai halatta gare shi ba shi ne ya riƙe rundunar a hannu ɗaya, ɗaya hannun kuma yana warware abin da ubangidansa ke ƙullawa.

Game da zancen biyayya ga Tsarin Mulki kuwa, ai Tsarin Mulkin ne da kansa ya sa Shugaban Ƙasa a bisansa. In kowane hafsa shi zai fassara wa kansa abin da ƙasa ke so, to, ƙasa ta sami sarakuna gwargwadon yawan hafsoshinta. Abin mamaki, ba wanda ya fi MacArthur sanin wannan. A watan Satumba 1931 waɗansu hafsoshin Japan a Manchuriya suka dasa bom a hanyar jirgin ƙasa kusa da Mukden, suka ɗora wa Sinawa, suka ci lardin ba da iznin gwamnatin Tokiyo ba, suna cewa kishin ƙasa ne. Gwamnati ta kasa tsawata musu, hanyar da suka buɗe kuwa ita ce ta kai har Boma, inda kakanninmu suka yi yaƙi, ta ƙare a Hiroshima. Sabon Tsarin Mulkin Japan na 1947, wanda aka tsara ƙarƙashin MacArthur, ya ce firayim minista da ministocinsa dole su zama farar hula. Mu ma a Nijeriya ba baƙi ba ne ga wannan harshe. Daga 15 ga Janairu 1966 zuwa 1999 soja sun riƙe mulki kusan shekara 29, kowane rukuni kuwa da sunan ceton ƙasa ya zo. Don haka ya wajaba mu faɗi abin yabo na MacArthur: da aka sauke shi, ya miƙa wa Ridgway aiki, ya hau jirgi ran 16 ga Afrilu, bai kira bataliya ko ɗaya ta tsaya masa ba.

Kada mu wanke Truman sarai. Ya kai ƙasarsa babban yaƙi bai nemi majalisa ta yanke shawarar yaƙi ba, alhali Tsarin Mulki ita ya ba wannan iko, shugabannin da suka biyo shi kuwa sun bi sawunsa, har majalisa ta kafa doka a 1973 don ta ja musu linzami. Shi ne kuma ya yarda a ƙetare layi na 38, ya yi shiru a watan Oktoba lokacin da tsawatawa za ta yi amfani. Wanda ya bar ɗan akuya yana cin danga tun yana ƙarami, kada ya yi mamaki ran da ya shiga rumbu. Mulkin farar hula bisa soja ba ya nufin mutum ɗaya ya yi abin da ya ga dama. A watan Afrilu 1952 Truman ya ƙwace masana'antun ƙarfe don ya hana yajin aiki, yana cewa yaƙi ya ba shi wannan iko. Ran 2 ga Yuni Kotun Ƙoli ta ce ba shi da shi, alƙalai 6 suka rinjayi 3. Ya ji zafi, amma nan da nan ya mayar wa masu su. Abin da ya nema daga janar, shi ma an nema daga gare shi, ya kuwa bayar.

Saura tambaya ɗaya wadda ba ta barin mu mu sake. In da MacArthur ne ke da gaskiya fa? Mutanen Koriya ta Arewa sun shekara fiye da 70 a hannun gida ɗaya, da yunwa da kurkuku, wanda kuwa ya ce da an bi shawarar janar da ba su ga wannan ba, ba mu da abin da za mu tabbatar masa ya yi ƙarya, kamar yadda shi ma ba shi da abin da zai tabbatar mana Rasha za ta zauna shiru. Mu dai mun tsaya a kan cewa ko da shawararsa ce ta fi, yanke ta ba nasa ba ne, muna kuwa sane wannan matsayi yana da tsada, kuma waɗansu ne suka biya. An fara zaman sulhu a Kaesong ran 10 ga Yuli 1951, aka shekara biyu ana magana ana kuma mutuwa a kan duwatsun da ba su da suna sai lamba. Abin da ya fi jan zaman shi ne maganar fursunoni: Truman ya ƙi a mayar da kowa ƙasarsa tilas, ya kafe a kan haka fiye da shekara guda, dubban fursunoni suka tsira daga komawa inda su ke tsoro, dubban samari kuma suka mutu ana jira. Shi ma hukuncin farar hula ne. Amurkawa fiye da 36,000 suka mutu a yaƙin duka, Koriyawa kuwa miliyoyi. Aka sa hannu kan takardar tsagaita wuta a Panmunjom ran 27 ga Yuli 1953, a zamanin Shugaba Eisenhower, wanda shi ma janar ne amma sai da ya ajiye kaki ya nemi ƙuri'a. Koriya ta Kudu ba ta sa hannu ba, yarjejeniyar zaman lafiya kuwa har wa yau ba a ƙulla ta ba.